Ƙofar Baya ta Hagu

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya san abin da na iya da abin da ban iya ba. Ku kuwa, 'ya'yana, rabin farko kawai kuka sani, shi ma an ƙara masa gishiri.

Rubutuna ga shi nan kamar sawun kaji a bakin rumbu. Aji huɗu na yi a lekwal ɗin Zabori kafin mushe, malaminmu, ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu ba wanda ya yi kuka. Wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi a zuciyarsa. Abin da nake so ya miƙe ba harafi ba ne, sunan yayana ne, Baba Idi naku, Allah ya jiƙansa. Kun tashi kuna ji ana cewa shi ya yar da fadamar gidanmu don taurin kai, wai na faɗa masa ban iya gyaran mota ba ya ƙi ji. Rabi, da bakinki na ji kin faɗa wa ɗansa Sa'adu haka a cikin wasa, shi kuma ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kwano. Ban tsawata miki ba, don a gidana kika koya. To ba haka aka yi ba. Ga yadda aka yi.

Shekara goma sha tara na yi a Kaduna, a kamfanin da ake haɗa motoci. Ku riƙe kalmar da kyau: haɗawa, ba ƙerawa ba. Kaya na zuwa daga Turai cikin akwatuna, mu namu ɗaurawa. Kuma ba mutum guda ke ɗaure mota ba. Akwai abin da ake ce wa layi, wata doguwar sarƙa ce ƙarƙashin rumfar da ta fi kasuwar garinmu Gaya tsawo, tana jan gangar jikin mota a hankali kamar jaki mai tunani. Kowa na tsaye a wurinsa. In ta iso gabanka ka sa abin da aka ce ka sa, ta wuce, wata ta iso. Ni rabona ƙofar baya ta hagu. Maratayi biyu, noti shida, roba ta zagaye. In rufe, in buɗe, in saurari ƙararta, in sallame ta. Ƙofar baya ta dama wani Bayarabe ne ke da ita, Lasisi, muna kallon juna ta cikin mota shekara da shekaru, har ina gane ranar da ya yi faɗa da matarsa daga yadda ya riƙe sifana. Inji kuwa can gaba ake saka shi, a wani sashe da ba a barinmu shiga, sai dai mu ji rurinsa daga nesa. Na rantse muku ban taɓa leƙa cikin mota ta gaba ba. Tuƙi ma ban iya ba. A keke nake zuwa aiki, a keke nake komawa, ni babban mai haɗa motocin ƙasar Hausa.

Amma ƙofa kam na san ta. Ko yau a ɗaure mini ido a rufe ƙofar mota a bayana, zan faɗa muku ko maratayin sama ne ya sake ko roba ce ta tsufa. Allah bai hana ni ilimi ba, ya dai ba ni shi siriri.

Duk sallah ina zuwa gida da rigar aiki shuɗiya a cikin jaka, in sa ta ranar da ba dalilin sa ta. Mutanen Gaya suka raɗa mini Injiniya. Inna, kakarku, in ta je tasha sai ta dafa kowace mota ta ce wa mata ɗanta ne ya yi ta, ko da kamiyon ne, babbar motar ɗaukar albasa. A majalisa wani zai tambaye ni:

"Injiniya, kwana nawa kake yi kafin ka gama mota guda?"

In gyara zama, in ce, "Kwana? Ai a yini guda muna fidda su da yawa."

Ku dubi maganar nan ku nuna mini ƙarya a cikinta. Babu. Muna fiddawa ɗin. Ni na ce "muna", su suka ji "ina", ni kuma ban ga dalilin tsananta wa kunnen mutane ba. Duk abin da ya same mu daga baya a cikin wannan 'yar kalma ya kwanta, "mu". Mutum ɗari da ɗoriya na tattara na sa a cikin rigata na kawo Gaya, ban biya wa ko ɗaya kuɗin mota ba.

Lalacewar kamfani ba rana guda ta zo ba. Sarƙa ta fara rage tafiya, har kana iya gama ƙofa ka ci goro kafin wata ta iso. Sai aka ce kwana huɗu a mako, sai uku. Muka koma dara ƙarƙashin mangwaro da rigunan aiki a jikinmu. Aka ce kayan Turai sun yi tsada, aka ce mutane sun daina sayen sabuwa, don ga tsofaffin motoci na sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano da araha. Kuma ta ina suke shiga Nijeriya? Su haye gada daga Malanbil, su kwana Gaya, su bi ta Kamba. Wato ta ƙofar gidanmu. Lasisi ya san ni ɗan ƙetaren iyaka ne, shi kaɗai na faɗa wa. Yakan leƙo ta cikin mota ya ce:

"Mutumin Faransa, garinku ne ke cinye mu."

In ce, "Garinmu hanya kawai ya bayar. Masu sayen naku ne."

Ya yi dariya, amma dariyar ta riƙa gajarta wata bayan wata. Lokacin zaɓe 'yan siyasa suka zo har bakin ƙofar kamfani, kowa da lasifikarsa. Wannan ya ce in ya hau, gwamnati ba za ta sake sayen mota ba sai ta gida. Wancan ya ce zai rufe iyaka da kwaɗo ya jefa makulli a kogi. Muka tafa har hannu ya yi zafi, muka raka su wurin motocinsu. Ni da ba na iya ganin ƙofa ban duba ba, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu ko guda da na ɗaura.

Da aka fara maganar rage mutane, sai taron ƙungiyar ƙwadago ya sake kama. Da can ana tashi a zagi manya. Yanzu aka koma tambayar wane ɗan ina ne. Mutanen da muka shekara muna cin tuwo kwano guda suka fara cewa in za a sallami wani, a fara da baƙi. A katina an rubuta Kamba ta Nijeriya, kuma ba ƙarya ce tsantsa ba, kawuna na can, tsakaninmu da su tafiyar keke ce. Aka kafa kwamiti na mutum uku suna kiran mutane ɗaki. Na shirya amsar komai: sunan hakimi, sunan unguwa, har ranar kasuwa. Sai wani mai farin gilashi ya tambaye ni a hankali, yana rubutu, ko na yi boko.

Na ce, "Na yi lekwal aji huɗu."

Ya ɗago. "Ka yi me?"

Shekara goma sha tara ina cewa makaranta, ran nan bakina ya tuna gida. Sunana ya fito a takardar farko da aka manna a bango. Ba na riƙe da kowa a zuciya, don mai farin gilashin ya biyo ni bayan wata uku, Lasisi bayan wata biyar, takarda ba ta ƙara tambayar garin kowa ba. Kafin in gama haɗa kaya unguwar ta fara mutuwa. Matan da ke sayar da abinci a bakin ƙofa suka kwashe tukwanensu. Mai gyaran kekena ya koma ƙauye. Ɗakunan haya suka zama na awaki. Ɗan abin sallama da aka ba ni, hanya da cikinku suka raba shi. Na iso Gaya farkon bazara da uwarku Hajo, da ku huɗu, da kwali biyu, da rigar nan shuɗiya.

Garin na tarar ya cika da abin da ya kore ni. Motocin Kwatano jere kusa da duwan, wato kwastan, ɗaruruwa, da rubutun ƙasashen da ba wanda ya iya karantawa, suna jiran takarda su wuce. Direbobi, masu abinci, masu canji, kowa na ci. Na tsaya bakin kwalta ina kallo kamar wanda ya tarar ana biki a gidan wanda ya kashe masa uba.

Yanzu in faɗa muku wane ne Yaya Idi, don ku tsohonsa kawai kuka sani. Dogo ne, maganarsa kaɗan, ƙafafunsa duk faso saboda laka. Bai taɓa wuce Dosso ba. Ubanmu ya baro Zabori inda sai gero, wani amininsa Badandi ya ba shi wuri a bakin kogin Kwara, ya sare shi da hannunsa ya mai da shi fadamar shinkafa. Da ya rasu Yaya ya riƙe ta. Sau biyu ake yanka a shekara. Ita ta ciyar da gidansa, ita ta ciyar da Inna, kuma shekarun da albashi ya koma sai an ga dama, buhunta ne ke iske mu Kaduna. Shinkafar da kuka ci kuna yara kuna cewa ta Baba ce, ba tawa ba ce.

Kwana tara da isowata ya tara mu bayan la'asar a tsakar gidan Inna. Hajo na gefe tana daka. Ya daɗe yana murza yatsun ƙafarsa kafin ya yi magana.

"Hamidu, na yi tunani. Motocin nan da ke wucewa, rabinsu marasa lafiya ne. Kullum ana turo wata. Makanikan garin nan a gindin itace suka koya, kai kuwa daga inda ake haihuwarsu ka fito. Alhaji Gado ya daɗe yana son fadama. Yana da fili bakin kwalta kusa da duwan, da rumfar kwano. Ya ce mu yi musaya, ya cika mana da kayan aiki. Shinkafa ciki kawai take cikawa. Ni ina so 'ya'yanmu su yi karatu, naka da nawa."

Inna ta ce, "Ai na daɗe ina faɗa. Mai yin abu ya fi mai gyara shi."

Sai Yaya ya dube ni. Ban manta kallon nan ba, babu shakka ko kaɗan a cikinsa, tambayar ladabi ce kawai, irin ta wanda ya riga ya san amsa.

"Ka iya dai ko?"

Ga ƙofa a buɗe, ni da na san ƙofa. Kalma uku ta ishe ni: ban iya ba. Na ce:

"Yaya, shekara goma sha tara muna yi."

Taɓaryar Hajo ta tsaya a sama. Na ji ta tsaya, ban waiga ba. Aka shafa fatiha, Inna ta sa mini albarka har da hawaye. Da aka watse uwarku ta ja ni bayan ɗaki wurin tulu.

"Malam, wane ne 'mu' ɗin nan? Lasisi ka zo da shi a cikin kwali?"

"Mota ai mota ce, Hajo. Zan koya."

"A kan motar wa za ka koya? Ka je ka faɗa masa yanzu, tun ba a kira shaidu ba. Kunyar yini guda ce."

"Ke ba ki san sha'anin maza ba."

"Na san shinkafar da na dafa shekara shida. Ka je."

Na je. Wannan ku rubuta mini shi a gefen lada, ko da ba shi da nauyi. Da hantsi washegari na bi kan kunya har tsakiyar fadama, maganar na bakina a shirye, na maimaita ta tun daga gida. Na tarar da shi tsaye, hannu a baya, yana kallon ruwa. Bai bari na gama gaisuwa ba ya ce ya zo sallama da ita ne, ya nuna mini inda Baba ya fara sara, ya ce ba don ni ba da ba zai iya ba, amma Allah ya ba gidanmu mutum guda da ya san abin duniya, zunubi ne a bar shi zaune. Na buɗe baki. Abin da na tuna a lokacin ba fadama ba ce. Na tuna an karɓe mini aiki, an karɓe mini Kaduna, an karɓe mini Kamba ma da ba tawa ba. Abu guda ya rage mini a duniya, in na shiga majalisa a matsa a ce Injiniya ya zo. Na auna shi da gonar ubana, a tsaye a cikinta, na ga ya fi nauyi. Na ce masa Allah ya sa albarka. Ranar Alhamis aka kira shaidu.

Aka rubuta allo da jan fenti, aka rataya kile manya da ƙanana a jikin bango. Abin da Kaduna ke ce wa sifana nan kile ne, abin da can ake ce wa bonet nan kapo ne. Sunaye biyu-biyu na sani, aikinsu ne ban sani ba. Makon farko na yi dabara. Duk wanda ya turo mota in zagaya ta, in girgiza kai, in ce wannan sai kayan da na yi oda sun iso daga Kaduna. Girmana ma ƙaruwa ya yi, aka ce Injiniya ba ya taɓa mota da kayan banza. Ina jin da an bar ni da na shekara a haka.

Sai Allah ya kawo zaɓe nan ma. Wani mai neman depite, wato kujerar majalisar dokoki, ba zan faɗi sunansa ba don 'ya'yansa na nan, ya taso da tawagarsa za su Dioundiou da Karakara, motarsa ta mutu daidai gaban rumfata, kamar an aiko ta. Makaɗa, 'yan hula mai hoton jam'iyya, mata masu guɗa, duk suka sauko. Mutumin bai bar dama ta wuce ba. Ya hau kan tsohuwar taya ya kama hannuna ya ɗaga sama. Ya ce ga ɗan Gaya da ya ƙera wa Nijeriya motoci suka saka masa da kora. Ya ce in aka zaɓe shi za a gina izin, wato kamfanin motoci, a nan bakin kogi, ni zan riƙe ta, matasa su daina tafiya. Aka yi guɗa. Na hango Yaya can gefen taro da sabuwar rigarsa ta sallah, yana murmushi, abin da ba ya yawan yi. Sai mai neman depite ya sauko ya ce:

"Injiniya, bismilla. Minti nawa?"

Na je gaban mota na kama kapo na ja. Bai buɗe ba. Na laluba ƙasa, na laluba gefe, na ƙara ja. Direban ya dube ni, ya sa hannu a ƙarƙashin sitiyari ya ja wani abu, kapo ya ɗaga da kansa. Aka yi 'yar dariya, wani ya ce ai irin na Kaduna daban ne. Na leƙa. Kun ga cikin bijimi in an farke shi ranar layya? To haka, sai dai shi bijimi na san ina hanta take. Na taɓa wani abu ya ƙona ni. Na taɓa wani na ce hmm. Don in samu lokaci na fara zagaya motar ina tunani irin na manya, sai hannuna ya faɗa kan ƙofar baya ta hagu. Na buɗe, na rufe. Ta sake, maratayin sama ne. Wallahi ban yanke shawara ba, hannuwana ne suka tafi da kansu kamar dokin da ya ga hanyar gida. Na ɗauko kile, na kwance, na ɗaga ta da gwiwa, na ɗaure, na gyara roba. Na rufe. Ta yi wata ƙara mai taushi wadda tun da na baro layi ban ji irinta ba. A duk shekarar nan, lokacin kaɗai na ji ni mutum ne.

Na ce wa direba, "Tada."

Ya murza. Shiru. Ya sake murzawa. Makaɗa ma sun daina. Sai wata tsohuwa mai sayar da kifi ta ce da Hausarta ta kasuwa:

"To, ƙofa dai ya warke. Saura mota."

Dariyar da aka yi, har jandarmomin bakin shinge sai da suka zo tambaya. Aka tura motar wurin wani makanike a gindin itace, ya tada ta kafin a gama shan ruwa. Da na duba inda Yaya yake, ba ya nan.

Da safe ya zo. Ya zauna kan tayar da aka yi jawabi a kanta, ya dubi kile ɗin da ke rataye ɗaya bayan ɗaya.

"Inji?"

"A'a, Yaya."

"Birki?"

"A'a."

"Wuta?"

Na girgiza kai.

"To mi ka iya?"

"Ƙofa."

"Duka huɗun?"

"Ta baya. Ta hagu. Amma sauran ma kusan ɗaya ne."

Ya sake duban kile ɗin da ke rataye. Na so ya zage ni, na so ya ɗauki kile ya jefe ni. Sai ya ce, muryarsa kamar kullum:

"Da ka faɗa mini, da na ce ka zo mu yi shinkafa. Wuri akwai."

Muka je wurin Alhaji Gado tare. Bai wulaƙanta mu ba, ya ba mu tabarma, ya ba mu ruwa. Ya ce magana ta wuce gaban shaidu, ya riga ya sa injin ban ruwa, ya zuba iri. Ban ga laifinsa ba, har yau.

Ranar Juma'a bayan an sauko, majalisa ta cika, ni ne abincinta. Wani ya ce a kira ni in duba ƙofar masallaci, wani ya ce ashe maƙaryaci aka yi shekaru ana matsa wa wuri. Sai Yaya, wanda ba ya magana a taro, ya ɗaga hannu.

"Ku bar shi. Tun ranar da ya sauka ya faɗa mini ƙofa kaɗai ya sani. Ya roƙe ni kada in taɓa fadama. Ni na ƙi ji, na ga motoci idona ya rufe. In dariya za ku yi, ga ni."

Ina zaune kusa da shi, gwiwata na taɓa tasa. Duk suka juyo suna jiran in ce wani abu. Na dubi ƙasa, irin na mutumin kirki da ba ya son tona asirin yayansa. Haka suka fassara shi. Karo na biyu ke nan da na bar kunnen mutane ya yi mini aiki.

A hanya na tambaye shi don me. Ya ce:

"In aka ce kai maƙaryaci ne, ko ƙofar ba wanda zai kawo maka, 'ya'yanka su ci mi? Ni wawa kawai za a ce mini. Wawa ana ba shi ƙodago."

Lissafinsa ya fita daidai. Direbobin Kwatano suka riƙa kawo mini ƙofofi, don dariya da farko, daga baya don aikin na da kyau. Mun gwada ɗauko makanike daga Malanbil, ya zauna wata biyar ya gane ba ya bukatarmu, ya tashi da masu motocin gaba ɗaya. Na gwada koyon inji, kai ya ƙi, shekara arba'in da bakwai hannu ya riga ya zaɓi abin da yake so. Ƙofa ta ciyar da gida guda, ba ta kai biyu ba. Gidan da ta ciyar kun san shi, a cikinsa kuka yi karatu. Yaya kuwa ya koma fadamar nan dai, yana dashen shinkafa da yini a cikin 'yan ƙodago, a kan kunyoyin da ya ɗaga da hannunsa. Alhaji Gado ya fi son sa da kowa, don ya san inda ruwa ke kwanciya. Sa'adu da ƙannensa aka cire su daga lekwal, suka shiga ɗaukar jarkar mai a kan babur daga Kamba. Inna ta daina zuwa tasha. Ta rasu tana ganin babban ɗanta ne ya kashe gida, takan faɗa masa a gaban mutane, yakan ce haka ne, Inna. Hajo ba ta sake tada maganar ba, sai dai duk ranar da ta auna shinkafar kasuwa takan ajiye mudun a gabana kafin ta zuba, in gani.

Shekara goma sha biyu ya yi yana dashen nan kafin ƙirji ya kwantar da shi. Na je gaishe shi wata rana da azahar, ya rame har gadon ya yi masa yawa. Na ce masa na gaji, Juma'a mai zuwa zan tashi a majalisa in faɗi gaskiya.

Ya ce, "Yanzu? Ka mai da ni maƙaryaci a bakin kabari? Bari sai na tahi. In na tahi ka faɗa, don yaran nan. Kada su riƙa jin kunyar sunana."

Na ce na ɗauka. Bai kai Juma'a biyu ba.

Wannan damina ita ce ta goma sha ɗaya da rasuwarsa. Kowace shekara da dalilina: makoki bai wuce ba, Rabi za ta yi aure, ƙafa na ciwo, majalisar ma rabinta sun mutu. Yanzu ido ya fara tafiya, na ga in na ƙara jira sai a yi mini uzuri na gaske, shi ya fi ba ni tsoro.

Filin bakin kwalta na 'ya'yan Idi ne, da rumfar da abin da ke cikinta. Kada in ji ɗayanku ya ce rabi. Ba zai zama fadama ba, ba zai mai da kowa aji ba, amma shi ke hannuna. Takardar nan kuma ku kai wa Sa'adu. Aji uku ya yi kafin a cire shi, rubutuna zai ba shi wahala. Kada ku karanta masa, ku bar shi ya bi ta a hankali shi kaɗai. In ya gama ya zo gidan nan, ku shigo da shi har inda nake. Kada kowa ya ba shi haƙuri a madadina, kada kowa ya ce masa tsoho ne. Ku fita ku bar mu. Abin da ya ga dama ya faɗa, ina da kunne, kuma wannan karon abin da aka faɗa zan ji.